Dokar caja iri ɗaya: Turai ta gyara bakin waya, aikinmu yana cikin cajar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana a kan dokar nan ta Tarayyar Turai da ta tilasta wa kamfanoni su riƙa yin na'urori masu bakin caji iri ɗaya, da abin da nake ganin ya rage mana a Najeriya. Sana'ata gyaran waya ce, a nan Jos, gefen Taminus. In ka cire fasasshen gilashi, babu abin da ake kawo mini kamar matsalar caji: ko bakin ya lalace, ko batir ya kumbura, ko waya ta ɗauke gaba ɗaya bayan an jona ta da wata caja. Maganar ta shafi abincina, ta kuma shafi aljihun mutanen da nake hulɗa da su kullum.

Ga wanda labarin bai iske ba, a ranar 4 ga Oktoba, 2022 ne Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a a kan dokar. Mutum 602 suka amince, 13 suka ƙi, 8 suka ƙaurace. Ta fara aiki ranar 28 ga Disamba, 2024. Daga wannan rana, duk sabuwar waya, ko tablet, ko kyamara, ko abin sauraro na kunne, ko ƙaramar sifika, ko na'urar wasa ta hannu da za a sayar a ƙasashe 27 na Tarayyar, muddin da igiya ake yi mata caji, dole bakinta ya zama USB-C, wanda a kasuwa muke kira Type-C. Kwamfutar laftof kuwa wa'adin da aka ba ta shi ne 28 ga Afrilu, 2026. Hukumar Tarayyar ta ce cajojin da ake yarwa ko ake jibgewa ba a amfani da su suna kai tan 11,000 a shekara, kuma dokar za ta rage wa masu saye asarar da ta kai Yuro miliyan 250 duk shekara.

Su ma ba dare ɗaya suka kai nan ba. Tun 2009 suka fara lallashin kamfanoni, aka sa hannu a yarjejeniyar ganin dama, nau'in cajoji ya sauko daga kusan 30 zuwa 3. A nan abin ya tsaya fiye da shekara goma, domin lallashi yana da iyaka. Kamfanin Apple ya riƙe bakinsa na Lightning da ya fito da shi a 2012, yana cewa tilastawa za ta daƙile ƙirƙira. Da doka ta tabbata, a watan Satumba na 2023 ya fitar da iPhone 15 da Type-C, kuma ba a Turai kaɗai ba, a duk duniya.

Wanda ya riƙe waya tun farkon shigowar GSM a 2001 ya san wahalar da ake magana a kai. Nokia kaɗai tana da mai kaurin baki da mai siririn baki. Sony Ericsson tana da nata mai faɗi, Samsung nata daban, Motorola nata daban. In ka yi baƙo wayarsa ta mutu, sai a aiki yaro gida-gida neman irin tasa. Daga baya aka kawo cajar nan mai matsewa da ake cire batir a daidaita ƙarafunsa biyu, wadda ta kumbura batiran mutane ba adadi. Masu rumfar caji su suka fi kowa ɗanɗanawa, don dole kowannensu ya tara igiyoyi kala-kala, in babu irin taka ya rasa cinikinka. Har yanzu a Angwan Rogo da Rikkos da Gangare in aka kwana biyu babu wuta, rumfunan nan ne ke riƙe da unguwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin kunna janareta ya sa ribarsu ta zama 'yar kaɗan. Duk abin da zai rage musu sayen igiya iri uku alheri ne.

Don haka ina goyon bayan mu ma mu kafa irin wannan doka, kuma ba mu ne za mu fara bin sahu ba. Alhazanmu za su iya shaida cewa Saudiyya ta wajabta Type-C a wayoyi da ƙananan na'urori daga 1 ga Janairu, 2025, ta sa wa laftof 1 ga Afrilu, 2026. Indiya ma ta ɗauki hanyar. Amma gaskiyar magana, wannan ɓangaren na baki ya riga ya iso mana ba da guminmu ba. Yawancin wayoyin da ke hawa teburina Tecno ne da Infinix da itel, duka na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, sai Samsung da Redmi. Sababbin manyan wayoyinsu kusan duk da Type-C suke zuwa. Kamfani ba zai buɗe masana'anta biyu ba, ɗaya don Bature ɗaya don mu. In 'yan majalisarmu suka kwafo dokar Turai kalma da kalma suka sa hannu, sun ba da umarnin abin da ya riga ya faru, sun bar ciwon da ke damunmu.

Ciwon kuwa shi ne, baki ya zama ɗaya amma abin da ke cikin caja bai zama ɗaya ba. A da in caja ba taka ba ce, ba ta ma shiga. Yanzu kowace tana shiga kowace waya, mai kyau da muguwa, kuma mai saye ba shi da hanyar rabe su da ido.

Kwanakin baya wata dattijuwa mai sayar da masa ta kawo mini wayarta a ƙulle cikin leda tare da cajar. Ɗanta ne ya aiko mata da wayar daga Abuja, cajarta ta asali ta ɓace, ta sayi wata a hannun mai yawo da kaya. Ta ce da farko in ta jona sai gilashin ya riƙa taɓa kansa, yana buɗe abin da ba ta buɗe ba. Rannan da asuba ta ji ƙauri, wayar ba ta sake kawowa ba. Na buɗe na ga IC na caji, wato ɗan sashen da ke sarrafa wutar da ke shiga batir, ya ƙone, har wurin ya yi baƙi. Na ce, "Inna, wannan cajar ce ta yi miki ɓarna." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai bakin ya shiga daidai, kuma yaron ya ce mini orijina ce, ka ji nauyinta." Kuɗin gyaran ya kusa cinikinta na mako guda, kuma a wayar ne masu oda suke kiranta, a nan ne kuma ake turo mata kuɗi.

A gabanta na fasa kan cajar. A jiki an rubuta wat 45 da sunan wani babban kamfani da ba shi da masaniyar an yi ta. A ciki babu fiyus. Caja aikinta ta karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ta sauke ta zuwa bolt 5 ko abin da waya ta nema, kuma dole a bar tazara da kariya tsakanin ɓangaren babbar wuta da ɓangaren da ke tafiya hannun mutum. A wannan, layukan biyu sun kusa haɗuwa, ɗan danshin damina ko ƙura ya isa ya gama su. 'Yar taransifomar ciki wayoyinta a naɗe suke kan juna ba tare da isasshen rufi ba. Nauyin da Inna ta ji kuwa wani guntun ƙarfe ne da aka manna da gam a cikin murfin, ba ya haɗe da komai. Wanda ya ƙera ta ya san mutanenmu da nauyi suke gane mai kyau, sai ya sayar musu da nauyin. Wannan ba araha ba ce, ha'inci ne da aka shirya tun daga masana'anta, kuma Allah ne ya tsare da a kan waya abin ya tsaya, don irin wannan caja tana iya tura babbar wuta jikin wanda ke riƙe da wayar.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke fama. A 2016 hukumar kula da ingancin kasuwanci ta Ingila ta bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa cajoji 400 na jabu masu ɗauke da sunan Apple da aka saya ta intanet. Guda 3 kacal suka tsallake gwajin kariya na farko, 397 suka faɗi. Bambancinmu da su shi ne, a can jabu ke ɓuya. A nan a fili take, a kan tebur da baro da cikin tashar mota, kuma ita ce ta fi yawa a hannun talaka.

Igiya ma haka take, kuma a nan ne ko masu ilimi suke ruɗewa. Dokar Turai ba ta tsaya a siffar baki ba. Ta ce duk na'urar da ke caji da ƙarfin da ya wuce wat 15 dole ta yi aiki da tsarin da ake kira USB Power Delivery, wato yaren da caja da waya suke magana da shi kafin wuta ta wuce: wayar ta faɗi abin da take iya ɗauka, cajar ta ba ta daidai. Da wannan tsari bakin Type-C yana ɗaukar har wat 100, kuma tun 2021 aka ɗaga shi zuwa wat 240. Sai dai igiyar da za ta ɗauki fiye da amfiya 3 dole a sa mata wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikin kanta da za ta sanar da caja ƙarfinta. Igiyoyi biyu za ka gani iri ɗaya sak, ɗaya tana cajin laftof, ɗaya ko waya da ƙyar. Na sha yanka igiyar da aka rubuta wa "fast" in tarar da silin waya 'yan ƙalilan a ciki, wani lokaci ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyom ne aka shafa masa launi. Irinta tana zafi, tana cinye rabin wutar a hanya, mai waya kuma ya ɗora wa batir laifi ya zo a canza masa batirin da lafiyarsa ƙalau.

Akwai wani abin da nake so masu rubuta mana doka su sani, don ba za su gan shi a takardar Turai ba. Gidajenmu cike suke da ƙananan kayan caji da rashin wuta ya tilasta mana: tocila, fitilar caji, fankar caji, rediyo mai ɗaukar memori, injin aski, fawa banki. Da yawansu yanzu da bakin Type-C suke zuwa, amma siffar ce kawai. Cajar Type-C ta gaskiya ba ta sakin wuta sai ta tabbatar akwai na'ura a ɗaya bakin, kuma tana ganewa ne ta wasu ƙananan resista biyu masu kilo-om 5.1 da ya kamata a sa a cikin na'urar. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma masu ƙera kayan araha suna tsallake su. Sakamakon shi ne, ka jona fankarka da cajar wayarka mai kyau ta ƙi ɗauka, sai ka nemo tsohuwar igiya mai babban kai a gefe ɗaya. Mutum ya zo ya ce mini fanka ta lalace, alhali haka aka yi ta. In dokarmu ta ce "a sa Type-C" ta yi shiru, irin waɗannan kayan za su cika sharaɗi a ido, mu kuwa muna nan da tarin igiyoyinmu. Dole ta ce bakin ya yi aiki yadda ƙa'idarsa ta tanada, kuma ta haɗa da waɗannan kayan da su ne rayuwarmu, ko da ba sa cikin jerin na Turawa.

Sai ɗaya bakin, wanda ke shiga bango, wanda ban taɓa jin wani ya ɗaga maganarsa ba. Soket ɗin gidajenmu irin na Ingila ne, mai rami uku, kuma ramuka biyun ƙasa suna da marfi a ciki da ba ya buɗewa sai dogon ƙarfen sama ya shiga. An yi haka ne don kada yaro ya tura wani abu. To amma cajojin da ake shigo mana da su da yawa masu ƙafa biyu ne, ko zagayayyu irin na Turai ko masu faɗi irin na Sin da Amurka. Me muke yi? Mu ɗauki makulli, ko murfin biro, ko tsinken tsintsiya, mu danna ramin sama, mu cusa cajar da ƙarfi. Yara suna kallo, gobe su ma su gwada, kuma ba lallai su san wane rami ne ba ya da wuta ba. Cajar da aka cusa haka ba ta zama daram, tana lilo, tana tartsatsi, soket ya yi baƙi ya narke a hankali, sau da yawa cikin dare lokacin da aka kawo wuta kowa yana barci, wayar kuma tana kan katifa. Mu mutanen Jos da muka ga yadda babbar kasuwarmu ta ƙone a 2002, muka ga yadda dubban 'yan kasuwa suka koma bakin titi, ba ma ɗaukar maganar gobara da sauƙi ko daga ina za ta taso. Ƙasar da ta zaɓi soket mai rami uku tana da ikon cewa duk cajar da za a sayar a cikinta ta zo da ƙafa uku. Wannan Turai ba za ta yi mana shi ba, don ba matsalarta ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda tsofaffin kayan za su nufa. Duk lokacin da wata babbar kasuwa ta rufe ƙofa ga wani kaya, kayan ba ya ɓacewa, wata ƙofar yake nema. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba da ke Ibadan a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki Najeriya a shekara. Kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso, mafi yawa a cushe cikin motocin tokumbo, kuma sama da tan 15,000 matattu ne tun kafin su sauka. Wannan kafin dokar caja ke nan. Yanzu da Turai da Saudiyya suka daina karɓar sababbin kaya masu tsohon baki, duk wanda ya rage da su a sito zai duba taswira ya nemi ƙasa mai mutane da yawa wadda ba ta hana ba. Daga kasuwannin Alaba da Computer Village na Legas su hau mota zuwa Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, su sauko mana Jos. Mun taɓa ganin irin wannan a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa gwamnatin lokacin ta kafa dokar hana shigo da shara mai cutarwa. Caja ba ganga ba ce, ba ta da wari, shi ya sa take wucewa ba a lura ba.

Ƙarshenta kuma ina? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Namu rabon yana hannun 'yan gwangwan. Ba na zarginsu, neman halaliyarsu suke, kuma ba don su ba da bolar ta fi haka. Amma na ga yadda yara matasa ke tara igiyoyi a bayan gari su cinna musu wuta don robar ta narke su ciri jan ƙarfe, suna tsaye cikin baƙin hayaƙin ba ko ƙyalle a hanci, tokar kuma ruwan sama ya wanke ta zuwa rafin da ake ban ruwan kabeji da karas. Dalmar da nake liƙa fanel da ita daga kuza ake yin ta, irin kuzar da aka haƙa a ƙasar nan tun zamanin Turawa aka yi waje da ita, aka bar mana tafkuna da ramuka daga Bukuru har Barikin Ladi. Wanda ya tashi a gefen waɗannan ramuka ya san yadda ake kwashe amfani a bar wa mutane saura, kuma ba na so sharar caja ta zame wa 'ya'yanmu haka.

Akwai sashe ɗaya na tsarin Turai da nake roƙon kada a kwafo mana shi ido rufe, wato sayar da waya babu caja a kwali. Dokarsu ta ce a ba mai saye zaɓi, da caja ko babu, a kuma sa hoto a kwali da ke nuna hakan. A wurinsu yana da ma'ana, don kusan kowane gida akwai cajoji masu kyau a ajiye. Apple ya cire caja daga kwali tun 2020, Samsung ya bi a manyan wayoyinsa a 2021. Amma Brazil ba ta yarda ba: a Satumban 2022 ma'aikatar shari'arta ta ci Apple tarar kimanin real miliyan 12, kuɗin ƙasar ta Brazil, tana cewa waya babu caja kaya ne da bai cika ba. Mu mun fi kusa da Brazil. Mutum ya yi adashi wata da watanni ya sayi babbar wayarsa ta farko, ya buɗe kwali babu kan caja, kuɗinsa kuma sun ƙare. Ina zai nufa in ba wurin mai baro ba? Cajar da ke zuwa cikin kwali ita ce sau da yawa caja mai kyau guda ɗaya tak da ke gidan, ita uwa da uba da 'ya'ya suke bi layi a kanta. A bar ta a kwali. In kamfani ya nace sai ya cire, to a ga ragin a farashi, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro.

Masu cewa doka za ta hana ci gaba suna da 'yar hujja, ba na raina ta. Wata rana za a ƙirƙiro abin da ya fi Type-C, kuma doka tana da nauyin jiki wajen sauyawa. Maganin shi ne a rubuta ta yadda hukuma za ta iya sabunta ƙa'idar ba sai an koma zauren majalisa ba, kamar yadda Turawan suka bar wa hukumarsu wannan dama. Ni ma a ɓangarena akwai wahala: tsohon bakin micro-USB ƙafa 5 gare shi, cikakken Type-C kuwa 24, sai da bulowa mai hura iska mai zafi da madubin ƙara girma da hannu mai natsuwa, kuma ƙurar hunturu tana cika shi har mutum ya zaci ya lalace. Duk da haka na fi son sa, don ba shi da sama ba shi da ƙasa. Yawancin tsofaffin bakunan da nake canzawa a duhu aka karya su, an juya igiya a baibai an danna da ƙarfi.

Sai maganar ƙaramar waya mai madannai da tocila, wadda ke hannun manomi da makiyayi da tsofaffinmu, wadda batirinta ke kwana huɗu ko biyar. Da yawansu har yanzu da micro-USB suke zuwa. A ba masu shigo da su wa'adi mai tsawo, kada a wayi gari farashinsu ya tashi ko su ɓace daga kasuwa. Wayoyin hannu 'yan Landan da mutane suka riga suka saya su ma a bar su su ƙare rayuwarsu, a bar igiyoyinsu masu kyau a kasuwa. Uwa uba, in za a aiwatar da doka a aiwatar da ita a bakin ruwa da filin jirgi da kan iyaka, inda kwantena ke sauka. Yaron da ke yawo da cajoji goma a hannu a Farin Gada ba shi ya ƙera su ba, ba shi ya shigo da su ba, sau da yawa shi kansa bai san abin da ke ciki ba. In aka bar mai kwantena aka bi ɗan tebur da kame da tara, an ƙara wa talaka wani nauyin ne kawai, jabun kuma gobe za ta dawo.

Ba ma buƙatar sabuwar hukuma. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ce ke amincewa da nau'in kowace waya kafin a sayar da ita a ƙasar nan, tana iya ƙara sharaɗin baki da tsarin caji a cikin abin da take dubawa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, caja da igiya da ƙafar soket aikinta ne. Hukumar kare muhalli, NESREA, tana da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011 waɗanda aka sabunta a 2022, da suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa alhakin kayansu bayan sun mutu. Hukumar FCCPC kuma an kafa ta ne don kare mai saye, kuma rubuta wat 45 a jikin abin da ba ya ba da ko kusa da haka yaudarar mai saye ce. Abin da ya rage shi ne doka ɗaya da za ta ɗaure waɗannan ayyuka wuri guda, ta sa rana, ta kuma ce kowace caja ta ɗauki sunan wanda ya shigo da ita da adireshinsa, don in ta yi ɓarna a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A ƙasar da ke da layukan waya sama da miliyan 150, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mu ma 'yan kasuwar waya akwai abin da ke wuyanmu tun kafin doka ta zo. 'Yar mitar da ake saƙalawa tsakanin caja da waya ta nuna bolt da amfiya ba ta da tsada. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Jos da Bukuru su sa kowane shago ya ajiye ɗaya, a gwada wa mai saye a gabansa kafin ya biya, a kuma ajiye kwali a bakin layi inda za a riƙa zuba matattun cajoji da batira maimakon kwata. Ina kuma roƙon 'yan majalisar da ke wakiltar Filato a Abuja su ɗauki wannan batu su kai zaure. Ranar da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyaci masu gyara da masu rumfar caji da 'yan gwangwan tare da manyan kamfanoni. Za mu zo da cajojin da muka fasa, a ɗora su a kan tebur kowa ya gani.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran waya,
Taminus, Jos, Jihar Filato.